Inda Taswira Ta Yi Fari

A gidansu babu mai kiranta da sunan yanka. Tun tana rarrafe aka laƙaba mata Tsuntsuwa, saboda ba ta sauka wuri ɗaya ta daɗe. Na koyar da ita a firamare, kuma ba na tuna ranar da bencinta ya yi ɗumi. Idan wani yaro bai zo makaranta ba, sauran yara sukan ce ba shi da lafiya su wuce. Ita kuwa sai ta ji ko ciwon ciki ne ko zazzaɓi, ko ƙanensa ma ya kwanta, ko maƙwabtansu lafiya suke. Da an fita tara sai a hango ta a bakin katanga tana yi wa wata uwa tambayoyi kamar alƙali.

Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, mahaifinta kuma direban babbar mota ne wanda hanya ta fi gida saninsa, saboda haka a hannun kawunta ta tashi. Sunan mahaifiyar Kawu aka sa mata, shi ya sa shi kaɗai ne ba ya ce mata Tsuntsuwa. Uwata yake ce mata, ko da kuwa faɗa yake yi mata. Mai gyaran famfo ne, mutum mai tsantseni da ruwa fiye da yadda yake yi da tufafinsa. Tun kafin a haife ta ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidansa, ya ɗora tanki bisa ƙarfe, ya jera kawunan famfo a jikin katanga. A nan unguwar take sha, a nan kuma 'yan ga-ruwa suke cika jarkokinsu su tura kura zuwa lunguna. Da kansa yake hawa ya wanke tankin, ba ya yarda yaro ya kafa baki a famfo, kuma yakan ce ruwansa ko jaririn da aka haifa yau a ba shi, babu fargaba. Ba shi da mota, ba shi da muƙami. Sunan ruwan nan shi ne abin da ya mallaka.

Aikin jinya Tsuntsuwa ta fara karantawa. Hannunta yana da sauƙi, jijiya ba ta ɓuya mata, amma shugabar ɗakin marasa lafiya ta gaji da ita. Sai ta ɗaura wa mutum ƙarin ruwa, maimakon ta wuce gado na gaba, ta tsaya tana tambayarsa a wane layi yake zaune, me ya ci, wa ya riga shi kwanciya a gidansu. Wata rana shugabar ta ce mata asibiti wurin kula da wanda ya zo ne, idan waɗanda ba su zo ba take nema, ga ƙofa nan a buɗe. Da gatse aka faɗa, ita kuwa ta ɗauka da gaske. Ta koma jami'a ta karanci ilimin yaɗuwar cututtuka, ta fito aka ɗauke ta a sashen yaƙi da annoba na ma'aikatar lafiya.

Mai wannan aiki ba mutum ɗaya yake dubawa ba, gari yake dubawa. Idan cuta ta ɓulla, shi ne zai gano inda ta faro, ta wace hanya take bi, da kuma inda za a tare ta. Ofishinsu ɗaki ne guda mai fanka mai ƙara, da akwatunan sanyi na ɗaukar samfuri, da takalman roba jibge bayan ƙofa. A bango akwai babbar taswirar gari. Duk wanda aka kwantar a asibiti da cutar da ake bi, sai a tambayi inda yake zaune, a soka allura mai jan kai a daidai layinsu. Inda allurai suka taru, nan ake zuwa neman tushen cuta. Da ta bayyana wa Kawu haka, sai ya yi dariya har da tari, ya ce ashe uwarsa likita ce wadda ba ta yi wa kowa allura sai takarda.

A wannan tsakanin ta yi aure. Mijin malamin lissafi ne, mutum mai sanyin hali, wanda in an yi sallama an tambayi matar gida yakan ce mayafinta dai yana ciki. Ta haihu, ta yi goyo, kuma 'ya'yanta sun saba cin abinci da uwarsu a tsaye, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

Abin da ya raba rayuwarta biyu ya faru ne a wata damina mai ruwa da yawa, lokacin tana tsakiyar ƙarfinta a aiki. Rafin da ya ratsa gefen garin ya cika ya ɓalle gadar da ke haɗa cikin gari da unguwar tsallake. Ba a daɗe ba amai da gudawa suka ɓarke. Asibiti ya cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda, aka rataya ledojin ƙarin ruwa a jikin taga. Kullum da safe Tsuntsuwa takan zagaya gadaje ta tambayi inda kowa ya fito, ta koma ofis ta soka allurai. Tun tana sokawa hannunta na sauri, har ya fara nauyi, domin jan ya taru wuri guda kamar an zubar da barkono, kuma a tsakiyarsa rijiyar Kawu take.

Daraktan sashen ya tara su a gaban taswira. Dattijo ne mai gogewa, wanda ya ga annoba iri-iri, kuma ba ya son jan lokaci idan yara na mutuwa. Ya ce ga allurai, ga rijiya, kuma duk wanda aka tambaya a gadon asibiti ya ce daga 'yan ga-ruwan unguwar yake saye ko a famfon yake ɗiba. An aika samfurin ruwan ɗakin gwaje-gwaje, amma sakamako zai ɗauki lokaci, annoba kuwa ba ta jira. Kowa a ɗakin ya yarda a rufe rijiyar, har da ita, domin da hannunta ta soka alluran, kuma abin da aka koya mata ke nan. Darakta ya san dangantakarta da mai rijiyar, ya ce za a aiki wani. Ta ƙi. Ta ce in wani ya je za a ce ta ɓuya, in kuma an yi jinkiri za a ce tana kare nata.

Da hantsi ta isa, sanye da rigar aiki, kwaɗo a hannu. Layin bokitai ya kai har kwana. Kawu yana kan bencinsa a gindin tanki, ya gan ta ya washe baki, sannan ya ga abin da ke hannunta. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta yi masa bayani a hankali, mutane na ji. Bai yi gardama ba. Ya miƙe da kansa ya nuna mata inda babban makunnin ruwan yake, ya ja baya. Da kwaɗon ya kulle, sai ya ce:

"Kin sha ruwan nan tun ba ki da haƙori."

"Na sani, Kawu. Na ɗan lokaci ne, har a ga sakamako."

"To, Likita. Allah ya ba da sa'a."

Ba ta taɓa jin wannan suna daga bakinsa ba sai cikin wasa. A ranar babu wasa a ciki.

Kwaɗon ma'aikata a jikin famfo ya fi kowace shela ƙarfi. Kafin yamma labari ya gama unguwa cewa ruwan Kawu ne ke kashe yara. Masu gaishe shi suka riƙa sauya hanya. Ya je gaisuwar rasuwar ɗan wani maƙwabcinsa, mahaifin yaron ya juya masa baya a gaban jama'a, na kusa da shi suka muskuta suka bar masa tabarma shi kaɗai. Aka fara jifan kwanon ɗakinsa. Matarsa ta kira Tsuntsuwa tana kuka, ta ce ya daina fita, abinci ma sai ya tura shi gefe, yana zaune yana kallon tankin ta taga.

Da a ce cutar ta lafa, da wataƙila ta haɗiye abin ta ce farashin aiki ne. Amma ba ta lafa ba. Gadaje suka ƙara cika, allurai suka fara bazuwa zuwa layukan da a da babu ko ɗaya. Darakta ya ce a yi haƙuri, waɗanda suka riga suka sha ne ke kwanciya yanzu, nan gaba kaɗan za a ga sauƙi. Maganar tana da tushe, ita ma ta sani, amma jikinta ya ƙi karɓa. Ta kasa zama a kujera. Ta je asibiti ta dawo, ta je ɗakin gwaje-gwaje aka ce tukuna, ta koma ofis ta buɗe kwanon abincinta ta rufe. Mijinta ya ce a gida ma haka take yi, daga tsakar gida zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa tsakar gida, har ya roƙe ta ta tausaya wa simintin.

Wata safiya tana tsaye gaban taswira, abokan aiki na shan shayi a bayanta, idonta ya gaji da kallon ja ya zame zuwa gefe. Can hannun dama, bayan shuɗin zanen rafi, unguwar tsallake tana nan fari fat. Babu allura ko ɗaya. Ta san unguwar: gidaje a cunkushe, masai ɗaya na gidaje da yawa, kwata a buɗe, ga shi ruwa ya yi ambaliya. Gari na fama da amai da gudawa, a ce a can babu wanda ko cikinsa ya murɗa? Ta juyo ta tambayi ɗakin yaushe rabon da wani daga tsallake ya zo asibiti da kowace irin cuta, ko haihuwa, ko karaya. Wani ya ce ai tun da gada ta karye. Bai ƙarasa ba ita ta riga ta kai bayan ƙofa tana zura takalmin roba.

Direban ofis ya kai ta har inda kwalta ta yanke. Ya leƙa ruwan ya ce shi motar gwamnati aka ba shi, ba kwalekwale ba, kuma yana da iyali. Ta ɗora akwatin samfuri a ka, ta tattare zaninta, ta bi sahun wasu mata da ke ƙetarewa ta inda ruwan ya tsaya a ƙugu.

Ba ta buƙaci tambaya mai yawa ba. A gidan farko da ta yi sallama, mutum biyu ne kwance a tabarma, idanu sun faɗa, tsohuwa na ɗiga musu ruwa da cokali. Gida na gaba an yi rasuwa. Mai kemis ɗin unguwar ya ce ruwan gishiri da sukari ya ƙare masa tuntuni. A bayan unguwa ta ga sababbin kaburbura, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba, da yawansu gajeru. Da ta tambayi lokacin da abin ya fara, sai ta tarar ya riga na cikin gari. Babu mai iya saɓa mara lafiya ya ratsa ruwa da shi, saboda haka babu wanda ya kai gadon asibiti, wanda kuwa bai kai gado ba ba ya samun allura a taswira. Abin da suka yi ta kallo a bango ba hoton cutar ba ne, hoton waɗanda hanya ta bari su iso ne. Unguwar Kawu ta yi ja ne don ita ta fi kusa da asibiti.

Saura guda: ta yaya cutar ta ƙetara? Amsar tana jiran ta a hanyar dawowa. Ƙasa da karyayyiyar gada ruwa ya kwanta ya yi wani faffaɗan kududdufi, samansa garau kamar na tulu. Kwatar tsallake, wadda masai suka tumbatsa a cikinta, a nan take zubewa. A ɗaya gaɓar, ɓangaren cikin gari, kurayen 'yan ga-ruwa ne jere, ana cika jarkoki. Ba su ɓoye mata komai ba. Suka ce da ma idan aka ɗauke wuta injin Kawu ya tsaya, ko layi ya yi tsawo, sukan gangaro nan su ɗan cike. Tun da aka sa kwaɗo kuwa, ina za su? Mutane na neman ruwa.

Ta tsaya a bakin ruwan, zaninta na ɗiga. Kwaɗon da ta kulle da hannunta shi ne ya kora unguwa duka zuwa ga cutar.

Darakta ya saurare ta har ƙarshe, fuskarsa ta sauya. Bai yi musu ba, kuma bai ɓata lokaci ba: nan take ya sa a nemo kwalekwale, a kafa tanti a tsallake, a tura ma'aikatan jinya da magani, a killace kududdufin. Washegari sakamakon gwaji ya fito, ruwan Kawu ba shi da komai. A kan rijiyar ne kawai suka saɓa. Darakta ya ce a aiki masinja ya cire kwaɗon ba tare da hayaniya ba. Idan ma'aikata ta fito ta ce ta yi kuskure a tsakiyar annoba, gobe in ta ce kada a sha wani ruwa, wa zai ji? Ba kare kansa yake yi ba, tsoron da yake ji na gaskiya ne.

Ta ce: "Ranka ya daɗe, a gaban mutane na rufe ta. Idan aka buɗe a ɓoye, za su ce ya ba da wani abu ne aka ƙyale shi, kuma ba za su sha ba. Kududdufin za su koma."

"Kawunki kike ji, ko gari?"

"Duka biyun. Yau dai hanyarsu ɗaya."

Ya daɗe yana kallon taswira. Sannan ya zaro makullin daga aljihun teburinsa ya ajiye, ya ce ta tafi da motar da ke da lasifika, kuma in za ta faɗa, ta ce mu, kada ta ce ni, domin kowa a ɗakin nan ya ɗaga hannu.

Da hantsi ta koma, daidai lokacin da ta zo da farko. Ta sa direba ya zagaya layukan unguwar tana magana ta lasifika: ma'aikatar lafiya ta yi kuskure, an gwada ruwan rijiyar nan lafiyarsa lau, cutar daga kududdufin gada take, kada kowa ya sake sayen ruwan da bai san inda aka ɗebo ba. Mutane suka firfito suka bi motar. A gabansu ta buɗe kwaɗon, ta murɗa famfo, ta bari ya zuba, ta tara hannu ta sha har ya jiƙa mata gaban riga. Wata mata ta tura bokitinta da ƙafa zuwa ƙarƙashin famfon. Ta biyu ta biyo.

Kawu bai fito ba sai da layi ya kafu. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ta durƙusa a gabansa ta ba shi haƙuri. Ya miƙa hannu, ta zaci ɗaga ta zai yi, ashe kwaɗon yake so. Ya karɓa ya jefa a aljihu, ya ce:

"An gode, Likita."

Annobar ta lafa kafin ƙarshen damina. Yawancin unguwa sun dawo gaishe shi, wasu da kunya, wasu kamar ba a yi komai ba. Mahaifin yaron nan bai sake yi masa magana ba har ya tashi daga unguwar. Kawu ya ci gaba da wanke tankinsa, amma ya daina cewa ko jariri a ba shi. Ita kuma ba ya hana ta komai. Idan ta zo yana amsa gaisuwa, ya tambayi maigidanta da yara, ya sa a kawo mata abinci. Likita dai yake ce mata.

Shekaru suka tafi. Ta bi ƙyanda zuwa rugage, ta bi sanƙarau a lokacin zafi, ta kwana a makarantun da aka mayar asibitin wucin gadi. Da Darakta ya yi ritaya ita aka ba kujerarsa, kujerar da ma'aikata ke cewa ta fi kowace daɗewa a ofis don ba a zama a kanta. Allurai sun tafi, taswira ta koma cikin kwamfuta, amma duk sabon ma'aikacin da ya zo mata da ɗigon ja yana murna ya gano tushe, takan ɗora yatsa a inda babu komai ta tambaye shi wa ya je can ya gani da idonsa. Idan ya ce babu, ta nuna masa takalman roba. Duk ƙarshen mako kuma, in tana gari, sai ta biya gidan Kawu, ta gaishe shi a tsaitsaye, ta ji sunan da zai kira ta da shi, ta tafi.

Bara ne ƙafafunsa suka gaza, ya daina hawa tanki. Ya sa 'ya'yansa su wanke, ya ce ba su iya ba. Ya sa aka ɗauko masu wanki, ya kore su. Ran nan ta shigo da sauri kamar kullum, makullin mota a hannu, ta tarar da shi a benci yana harar tsani. Ta ajiye waya da makulli, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗauki burushi ta hau, mace mai furfura da jikoki. Yana daga ƙasa yana ba da umarni: ta goge kusurwa, ta kula da bakin bututu, ba haka ake riƙe burushi ba, wa ya koya mata aiki. Ta sauko jiƙe sharkaf, tana haki, wayarta na ta ƙara a kan benci. Ta kai hannu za ta ɗauka.

Ya ce: "Bar ta ta yi kuka. Uwata, zauna ki sha ruwa."

Hannunta ya tsaya a sama. Ya tura mata kofin da ke gefensa, ya muskuta ya ba ta wuri. Ta zauna a bakin bencin, ƙafa ɗaya na fuskantar ƙofa kamar yadda ta saba, ta riƙe kofin da hannu biyu. Wayar ta yi ƙara ta gaji ta yi shiru, ta sake farawa. Sai da ta shanye ruwan tas kafin ta duba mai kira.